Cindo a Bencin Baya

Ranar da aka ce za a karanta sanarwar auren Auta da Ƙaramin Fasto, ba a karanta ba. An yi sanarwar gyaran fanka, an yi ta wanda ya manta laimarsa a harabar coci, har da ta wata da ta haifi tagwaye a wani reshe can da ba wanda ya taɓa zuwa, amma ta aure shiru. Lahadin da ta biyo baya ma haka. Daga nan mutane suka fara waiwayen Auta, kuma ba su sha wahalar nemanta ba, don kowa ya san inda take zama: bencin baya, bakin ƙofa, kusa da inda ake jingine tsintsiya da bokiti.

Wannan benci kuwa ba na kowa da kowa ba ne. Wanda dattawa suka sa a horo shi ke zama a kai. Ba ya cin Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da fasto ke rabawa, ba ya waƙa, ba ya fita gaba kai baiko, wato sadakar coci, sai ranar da aka ga ya tuba. Auta ba wanda ya sa ta a horo. Yayarta aka sa.

Yaya ce mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, irin muryar nan da in ta ɗaga ta sai ka ga tsofaffi suna laluben hankici. Kwatsam sai ga ciki ya fito ba miji. Dattawa suka tsare ta da tambaya, ta ƙi faɗin mai shi. Tun ranar Auta ta ɗauki jakarta ta bi ta bencin baya, ta ce ba za ta bar 'yar uwarta ta zauna da tsintsiya ita kaɗai ba.

Da abin ya tsaya a kan cikin kawai, da tuni maganar ta mutu, don mutanen coci ba sa daɗewa a kan gulma ɗaya. To amma yaro ya zo duniya da cindo, ɗan yatsa na shida yana reto a gefen kowane hannu. Shi kuma Baba Rabaran, babban faston cocin, in ya ɗaga hannuwa zai sa albarka, na kujerun gaba sukan ga ɗan tabo a gefen kowane hannunsa. 'Ya'yansa na gida ma duk da cindo aka haife su. Wannan ba sharri ba ne, abin da ido ya gani ne.

Ba wanda ya ce uffan. Sai dai kyautar farko da ta shigo wa mai jego daga gidan Rabaran ta fito: safar hannu ta jarirai, kala-kala, cike da leda, a lokacin da zafi ke sa mutum ya ji kamar ya cire fatarsa ya rataye.

Wata yamma aka aiko kiran Auta gidan Rabaran. Daga asibiti ta wuce da farar rigarta ta aikin nas, ko fuska ba ta wanke ba. Ta tarar matan fastoci sun cika falo, kowacce da Littafinta a cinya kamar za a yi nazari, idanu kuwa duk suna ƙofa. An zuba shayi, ba wadda ta miƙa mata. Mama Rabaran na kujerar tsakiya, ƙarƙashin hoton bikinsu, tana ta murza zoben hannunta.

Wadda ta ɗauki magana ita ce Mama Gilashi, matar wani faston reshe, wadda tunda ta sayi gilashin nan ba ta taɓa kallon mutum ta cikinsa ba sai ta samansa.

"Zauna, 'yata. A'a, ba a kujera ba. Ga ƙasa nan."

Auta ta zauna a kan kafet.

"Kin san me ake nufi da matar fasto?"

"Matar da fasto ya aura, Mama."

Wata daga gefe ta fara dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari.

"Matar fasto murfi ce," in ji Mama Gilashi. "Tukunya na tafasa, ita tana rufe. Duk wadda kika gani a ɗakin nan ta iya wannan aiki, shi ya sa har yau kike ganin mu a bencin gaba. To, mun ji a asibitinku har cindo kuke cirewa."

"Muna cirewa, Mama. In ba ƙashi a ciki zare ake ɗaurewa, ya bushe ya faɗi da kansa."

"Madalla. Ga ɗan yayarki yana fama da abu a hannu, ke kina nas kin zuba masa ido. Ina tausayi a nan?"

"Bai dame shi ba, Mama. Har wasa yake da shi."

"Ya dami ikkilisiya."

Wata ta hau juya cokali a kofi.

"Ki ɗaure shi a gida, ba sai an je asibiti an yi ta rubuce-rubuce ba. Ki tashi daga bencin nan ki dawo cikin mutane. Ranar Lahadi ki ji sunanki a lasifika, mu kuma mu ɗaura ɗamarar biki. In kuwa kin ƙi, ai 'yan mata masu tarbiyya ba su ƙare ba. Ni kaina ina da ɗaya a gida, ta iya piyano, kuma ba ta mayar da magana."

Auta ta ɗaga kai. Ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, matan da suka koya mata addu'a tun tana tsallen igiya, kowacce ta sunkuyar da kai tana karanta bangon Littafi.

"Mama, in yi tambaya?"

"Yi."

"Yatsan yaron ne ya yi zunubin, ko hannun da ya gado?"

Kofi ya kuɓuce wa wata, shayi ya malale a kafet. Mama Gilashi ta cire gilashin gaba ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba.

"Ku ji min fitsara. Wannan ce za ta zauna kusa da mu?"

Sai a lokacin Mama Rabaran ta buɗe baki. "Ku bar ni da ita," ta ce. Ta miƙe, ta kama hannun Auta ta ja ta kicin.

Ta rufe ƙofa, ta buɗe famfo ya yi ta zuba a cikin roba, don ta san kunnen Mama Gilashi ba ya zama a falo in jikinta na falo. Sannan ta jingina da bango ta dubi yarinyar.

"Safar ta yi masa?"

"Mama, ashe kin sani."

"Na riga yayarki sani. Tun ranar da maigidana ya ce muryarta na buƙatar addu'a ta musamman a ofis na fara lissafin watanni." Ta yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Ba ita ce ta farko ba, 'yata. Mai sayar da safar nan ta san ni. In ta hango ni sai ta ce, Mama, an kuma?"

Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Na 'ya'yana da hannuna na ɗaure, ina murna, ina nuna wa maƙwabta, ku ga yadda suka ɗebo ubansu. Ban san wata rana abin nan zai zame mini abin da nake lalube a hannun jariran mutane ba. In na je barka, kafin in kalli fuska hannu nake fara buɗewa."

"To me ya sa kika yi shiru, Mama? Me ya sa? Kina gani aka kai Yaya bakin ƙofa kamar shara, shi yana sama yana girgiza mumbari."

"Gidan nan na coci ne. Gadon da nake kwana a kai na coci ne. In ya faɗi, da wa zai faɗi? 'Yan matana ba su yi aure ba. Tsofaffin da ya yi wa baftisma, waɗanda ya binne musu mazaje, me zan ce musu? Na taɓa kai kuka wurin manyanmu mata, ina ƙuruciya kamarki. Suka ce in ƙara addu'a, in gyara girki, in rage jiki. Ɗaya ta ce Shaiɗan manyan bayin Allah yake bi, kuma ta bakin matansu yake samun ƙofa. Na yi addu'ar, na gyara girkin. Jikin ne dai ya ƙi raguwa."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Kin taɓa lura da ni ranar Jibi? Nakan karɓi gurasar daga hannunsa, in kai baki kamar na ci, in zura ta a hankici. Ba ta haɗiyuwa. Sai na dawo nan, na rufe ƙofar nan, na durƙusa a gaban murhu na ce, ya Yesu, daga hannunka nake karɓa ba daga nasa ba. Sannan in ci. Ni ma a horo nake, 'yata, sai dai nawa bencin yana da katifa."

Auta ta fashe da kuka. Haushin matar take ji, tausayinta take ji, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"Kina son Ƙaramin Fasto?"

"Ina sonsa, Mama. Allah ya sani ina sonsa."

"To ɗaure zaren. Shi dai ban ga yana kallon mawaƙa ba. Kada ki rasa miji a kan 'yar tsokar da ba ta kai ƙwayar wake ba."

Auta ta share fuska da gefen rigarta. "In na ɗaure, Mama, zuwa yaushe ni ma zan fara sayen safa?"

Mama Rabaran ta juya ta rufe famfo. 

Da Auta ta isa gida ta tarar da motar Mai Kemis a ƙofa. Mai Kemis ya daɗe yana bibiyarta, mutum ne mai tumbi da kirki, amma in ya zo zance maganin ƙarin jini yake kawowa, wani lokaci har da na tsutsar ciki, wai ya ga ta rame. Yana falo yana shan ruwa, Inna na yi masa fira kamar ta samu suruki daga sama. Auta ta gaishe shi a tsaye ta wuce. Inna ta biyo ta har tsakar gida.

"Sun aiko mini. Na ji abin da kika faɗa a gaban iyayenki."

"Gaskiya na faɗa, Inna."

"Gaskiya za ki aura? Ɗaya ta zubar mini da mutunci, ɗayar ta zo tana tattakawa. Na bar zuwa zumuntar mata, na bar zuwa kasuwa da safe don kada in haɗu da mutane. Abu ɗaya ya rage da zan ɗaga kai da shi, a ce 'yata matar fasto ce, shi ma kin sa ƙafa za ki shure."

"Inna, kin san ko ɗan waye?"

"Ban sani ba, kuma kada ki kuskura ki sanar da ni." Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin baƙin zare ta damƙa mata a hannu. "Ko wannan, ko wancan da ke falo. Ba zan zauna da 'yan mata biyu a gida ina kallon su suna kallona ba."

Auta ta shiga ɗaki. Yaya na bakin gado tana shayar da yaro, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tunda aka sa ta a horo ko a wurin wanki ba a ƙara jin ta rera komai ba.

"Na ji ku," in ji Yaya. "Kawo hannunsa ki ɗaure."

"Yaya."

"Ni tawa ta ƙare, Auta. Ki bar taki ta yi kyau. Ƙaramin Fasto yana sonki, kina sonsa, me ya yi saura?"

"Ki faɗi sunansa gaban dattawa, shi ya yi saura."

"Ya sa na dafa Littafi a ofis. Na rantse ba zan faɗa ba."

"Shi ya yi ɓarnar, shi ya riƙe miki Littafin? Kuma kina ganin Allah yana can yana rubuta wannan rantsuwar a kanki?"

"Ban sani ba. Tsoro nake ji. In na karya ta wani abu ya sami yaron nan fa?" Ta rushe da kuka. "Na yi laifi, ban ce ban yi ba. Na yarda da bencin. Abin da ke ci na shi ne in ya hau sama ya fara wa'azi sai ya kalle ni kamar bai taɓa sanin sunana ba."

Auta ta karɓi yaron, ta zare masa safa. Ta yi wannan aiki a asibiti ba adadi, ko ido a rufe za ta iya. Ta yanki zare da haƙori, ta zagaya shi a gindin ɗan yatsan. Ja ɗaya ya rage. Daga ja ɗayan nan sai farar riga, sai kujera mai katifa, sai babur ɗin Ƙaramin Fasto ita a baya tana riƙe da shi ba mai cewa don me.

Ta dubi Yaya. In yatsan nan ya faɗi, ba sauran mai shaida a duniya cewa ba ita kaɗai ta yi ba.

Ta warware zaren ta jefa ƙarƙashin gado.

Washegari da rana Ƙaramin Fasto ya zo asibiti, ya same ta a barandar baya inda ake shanya zannuwan gado. Kyakkyawa ne, ba a ƙwace masa wannan ba, ga murya kamar ana zuba zuma a shayi. Idanunsa sun yi ja, da alama shi ma bai samu barci ba.

"Nas ɗina, me kike so ki yi mana?"

"Ni nake yi mana, Fasto?"

Ya sha jinin jikinsa. Tunda suka fara soyayya ba ta taɓa ce masa Fasto ba sai in ranta ya ɓaci.

"Ki saurare ni. Naɗina ya kusa, kuma sai Baba ya sa hannu. In aka naɗa ni aka ba ni reshe nawa, na samu ƙafar tsayawa, wallahi zan yi magana. Yanzu in na buɗe baki, ni da ke duk mun tashi a banza. Uwata ta sayar da gonarta ta kai ni makarantar tauhidi, kin sani."

"Ka san ko ɗan waye?"

"Ban gani da idona ba."

"Kai ne kake riƙe wa Baba tawul in zai wanke hannu ranar Jibi. Ina kake kai idon naka?"

Ya hau murza makullin babur.

"Zare ne fa kawai," ya ce a hankali. "Ke da bakinki kin ce ba ya ciwo."

"Yaron ba zai ji ciwo ba. Yaya fa?"

"Ba zan iya rayuwa ba ke ba, kin sani. Jiya na durƙusa zan yi addu'a, sunanki kawai ke fitowa."

Zuciyarta ta karye, don ta san ba ƙarya yake ba. Ta kama hannun rigarsa, hawaye na zuba.

"Takardar sanarwar tana ina?"

"Ga ta a aljihuna. Kullum da ita nake yawo."

"Wa ke karanta sanarwa ranar Lahadi?"

"Ni."

"To ka karanta. Ban ce ka tona kowa ba, ban ce ka yi faɗa da kowa ba. Ka karanta sunana ina zaune inda nake zaune, kusa da 'yar uwata. Shi ke nan abin da na roƙe ka."

"Baba bai ba da izini ba."

Ta saki rigar. Aka kira ta daga ɗakin allura, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Ranar Lahadi coci ya cika har tagogi, don magana ta riga ta zaga, waɗanda rabonsu da sujada tun bikin wani ma sun zo da sabon ɗinki. Auta na bencin baya kusa da Yaya, yaro a cinya, hannuwansa cikin safa don Inna ta ce in ba haka ba ba za a fita da shi ba. 'Yar Mama Gilashi na kan piyano, ta sha kwalliya kamar ita ce amarya.

Ƙaramin Fasto ya hau ya karanta sanarwa. Ranar sharar harabar coci. Taron matasa. Wani ya ajiye mota ya tare hanya. Auta ta ga hannunsa ya tafi aljihu, ya taɓa, ya tsaya. Ya saci kallon Baba Rabaran. Hannun ya dawo wayam.

"Sanarwa ta ƙare," ya ce, bai ko kalli baya ba.

Yaya ta matse hannun Auta. Auta ba ta yi kuka ba, ta gama wannan a baranda.

Sai Baba Rabaran ya miƙe ya karɓi makirufo, ya gyara babbar rigarsa, ya ce akwai saƙo daga dattawa. Ya ce ikkilisiya amarya ce, ba za a bar tabo a rigarta ba. Ya ce 'yar'uwar da ke horo ta taurare zuciya, ta ƙi faɗin wanda ya lalata ta, don haka an ƙara mata horo har sai ta faɗa.

"Domin mu hore shi," ya daki mumbari da hannu, "ko wane ne shi."

Jama'a, mutum ya rantsar da yarinya kada ta faɗa, sannan ya hau sama ya hore ta don ba ta faɗa ba. Yaya ta kifa kai a gwiwa.

A bencin gaba wata ta miƙe. Mama Rabaran ce. Ta ɗauki jakarta da Littafinta, ta fito tsakiya ta nufi baya. Mama Gilashi ta cafko bakin zaninta tana raɗa, raɗar da har layi na biyar sun ji: "Mama, bayi ta wancan gefen yake."

Mama ta fizge zaninta. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, takalminta kaɗai ake ji. Ta iso bencin baya, ta ture bokiti da ƙafa, ta ce wa Auta, "Matsa mini, 'yata." Ta zauna, ta karɓi yaron, ta zare safar ɗaya, ta zare ɗayar, ta jefa su cikin bokitin. Ta ɗaga shi tsaye a cinyarta yana fuskantar jama'a. Yaro ya ga mutane, ya buɗe hannuwa yana ta wutsil-wutsil.

Ba ta ɗaga murya ba, amma a shirun nan ko allura ta faɗi sai an ji.

"Yarinya ta rantse ba za ta faɗa ba. Ni ban rantse ba." Ta dubi mumbari. "Sauko, Baban yara. Mun matsa maka wuri."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Masu cewa dama mun sani suka fi kowa buɗe baki. Baba Rabaran ya ɓoye hannuwansa a cikin riga, makirufo na ta ƙara shi kaɗai. Shugaban dattawa, tsoho mai sanda wanda aka ɗauka barci yake, ya tashi ya hau matakala da ƙyar, ya kama shi a gwiwar hannu ya nufi ofis da shi. Sauran dattawa suka bi su a jere, ba mai kallon wani.

Mumbari ya rage Ƙaramin Fasto kaɗai. Ya dubi ƙofar ofis da aka rufe. Ya dubi jama'a, ya ga inda fuskoki suka juya. Sai ga hannu ya shiga aljihu, wannan karon ya fito da takarda.

"'Yan'uwa, a natsu. Akwai sanarwa ɗaya da na tsallake."

Ya karanta ta da muryar nan tasa mai daɗi, sunansa da nata, da na iyaye, ba inda ya yi tuntuɓe. Wasu har sun fara tafi. Inna ta ɗaga ido sama tana motsa baki. Ya kai ƙarshe, inda aka saba tambaya ba don ana jiran amsa ba:

"In akwai wanda ya san wani dalili da zai hana wannan aure, ya ɗaga hannu."

Auta ta dube shi. Shi ne dai, da kyansa, da jajayen idanunsa, yana mata murmushi daga nesa kamar wanda ya ciyo yaƙi. Takardar nan tana aljihunsa ɗazu ma, lokacin da ƙofar ofis take buɗe.

Ta ɗaga hannu.

Ya yi kamar bai gani ba, ya fara naɗe takarda.

"Ɗaga da kyau, 'yata," in ji Mama Rabaran, tana jijjiga yaro. "Daga can sama ba a cika hango nan ba."

Auta ta miƙe tsaye da hannunta a sama. Tafi ya mutu.

"Nas," ya ce, ya manta makirufo na bakinsa, "ke ce fa amaryar."

"Na sani, Fasto," ta ce. Hawaye na sauka har wuyan riga, don har a lokacin tana sonsa. "Shi ya sa na fi kowa sanin dalilin."

Ba ta sauke hannun ba sai da ya mayar da takardar aljihu.